Koridona mita 6 da rabi, gasa kuma mita 10: me ya kamata mutum ya saya don atisayen bindigar iska a gida?

Na ɗauki tef na auna koridon gidan da nake haya a nan Jamus, tun daga ƙofar shigowa har bangon kicin, mita 6 da rabi ne cif, shi ma sai na buɗe ƙofar falo na janye rak ɗin takalma. Gasar bindigar iska kuwa a mita 10 ake yinta, kuma daga layin da ƙafarka take ake fara ƙirgawa, ga wurin tsayuwa a baya ga akwatin tare ƙwaya a gaba, kaga mutum na buƙatar wajen mita 12 kenan. Wa ke da wannan a gidan haya? Kulob ɗinmu sau 2 a sati suke buɗewa, ɗaya ma tana faɗowa ranar da nake aikin dare. Shi yasa na yi ta kashe kuɗi kan kayan atisaye a gida, wasu sun biya ni, wasu kuma har yau in na gansu a saman wadrob sai raina ya ɓaci.

Kafin ka sa hannu a aljihu ka fara tuna me ake nema a wannan wasan. Ɗigon maki 10 faɗinsa mm 0.5 ne, kamar ayar da ke ƙarshen wannan layin. Baƙin da'irar da kake hangowa mm 30.5. Harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, ba jingina, da bindigar da doka ta yarda nauyinta ya kai kilo 5.5, mafi kyawun harbi kuma 10.9 ne, manyan 'yan wasa suna haura 630 a jimla. A cikin ɗaki ake yi, babu iska mai kaɗa ƙwaya, bindigar kanta in ka ɗaure ta a mazauni rami ɗaya zata yi ta bi. To ina matsalar? Kai ne matsalar malam. Tsayuwarka, numfashinka, rawar jikinka, da yadda yatsanka ke taɓa kunama. Duk waɗannan babu wanda ke buƙatar mita 10, wasu ma ko ƙwaya basa buƙata.

Saboda haka zaɓi na farko shi ne wanda kusan kyauta ne, harbin wayam. Ka ɗana kunama ka saita ka danna, ba ƙwaya ba iska, sai ɗan ƙas da zakaji. Bindigogin gasa na yanzu masu tukunyar iska, irin su Feinwerkbau 800, Walther LG400, Anschütz 9015 da na Steyr, duk an yi musu hanyar yin haka ba tare da iska ta fita ba. Amma in taka mai sifirin ce kada ka kuskura ka harba ta babu ƙwaya, fistin ɗin zai je ya daki ƙarshe ba abin da ya tare shi, a hankali ka kashe abarka. Mai irin wannan sai ya tsaya a ɗagawa da riƙewa kawai. In kuwa baka sayi bindiga ba tukuna kuma kasan a gida zaka fi yin atisaye, wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin da zaka tambayi mai sayarwa, tana harbin wayam ko bata yi? kafin ma ka tambayi kuɗi.

Abin da zaka saya a nan bai taka kara ya karya ba, takarda, firinta, salatif, sai fitila mai kyau da zata haske baƙin ɗigon da zaka buga ka manna a madadin baƙin da'irar nan sosai don filin gasa takardarsa a haske take tar. Lissafin girman ɗigon mai sauƙi ne, a mita 5 rabin mm 30.5 ne, wato mm 15 da kwata, a mita 6 kuma mm 18.3. Wanda mutane ke mantawa shi ne tsayi. A fili tsakiyar takarda mita 1.4 take daga ƙasa, idonka kuma yana sama da haka, wato bindiga tana ɗan kallon ƙasa. In ka manna ɗigonka a 1.4 a mita 5 ka ƙara mata sunkuyo, jikinka ya koyi tsayuwar da ba ita bace. Misali in layin idonka yana 1.6 in ka kwantar da kai a kan bindiga, to a mita 5 ɗigon a 1.5 zai zauna. Ni wata 2 na yi ina atisaye da ɗigo a ƙasa, sai wani dattijo a kulob ya kalle ni ya ce me yasa kullum sai ka sauka ƙasa sannan ka taso? Kunya kamar in nutse.

Illar harbin wayam ɗaya ce, gundura. Babu rami babu maki, babu wanda zai ce maka ka yi kyau ko ka yi shirme, minti 20 sai ka ji kamar an ɗaure ka a layin banki. Kuma in kana yin kuskure zaka yi ta maimaita shi baka sani ba. Madubi dogo yana ɗan taimakawa wajen ganin kwankwaso da gwiwar hannu, ko ka jingina waya ta ɗauke ka bidiyo.

Daga nan ne yawancinmu ke faɗawa zaɓi na biyu, akwatin tare ƙwaya da ƙaramar takarda, a yi harbi na gaske a mita 5 ko 6. Ni ma shi na fara saya don yana da araha kuma akwai daɗi, ba ƙarya. Sai dai wannan abin maƙaryaci ne, bari in nuna maka. A mita 10 in tsakiyar ƙwayarka ta kauce da mm 2.5 gefenta zai taɓa ɗigon tsakiya na mm 0.5, 10 ce. A mita 5 kaucewar da ta yi daidai da wannan mm 1.25 ce kacal. To kai ka rage takarda rabi amma ƙwaya bata ragu ba, tana nan a mm 4.5 ɗinta, sai ka kauce wajen mm 2.4 ramin ya lashi ɗigon ka rubuta 10 kana murmushi, alhali a fili na gaske wannan harbin 9.1 ne. Haka na yi ta tara maki a korido kamar ɗan Olamfik, na je kulob aka dawo dani hayyacina. Akwai takardun da aka gyara zobbansu don wannan lissafin, in zaka yi to irinsu zaka nema, ko ka manta da maki gaba ɗaya ka riƙa duba yadda ramuka ke taruwa.

Ga kuma zancen saiti. Kafar leƙe tana sama da bututu da 'yan santimita, bindigar da aka saita a mita 10 in ka harba a mita 5 ƙwaya ƙasa zata sauka, santimita 2 ko fiye. Dole ka murɗa saiti da yawa, ka rubuta adadin, ka mayar kafin ka fita. Rannan na manta. Lokacin gwaji minti 15 ne, na cinye rabinsa ina laluben inda ƙwayata take zuwa.

In duk da haka kana son akwatin, iri biyu ne a gabanka. Na ƙarfe mai siffar mazurari, ana samunsa ko'ina, yana daɗewa, amma ƙararsa ta fi ta bindigar kanta, kwal kwal kamar ana dukan langa, kuma yana farfasa dalma ta zama gari. A gidan bene ranar Lahadi a ƙasar nan? Tsohuwar da ke ƙasana harbi na 10 ban kai ba ta hau ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗayan kuma wanda ake cika shi da danƙo mai kauri irin na masu aikin wuta, ko ka haɗa da kanka, kwali mai ƙarfi cike da tsummokara a danne, da faranti na ƙarfe a can baya. Wannan shiru yake, ƙwaya tana nutsewa bata fashewa, shi nake ba kowa shawara. Ko wanne ka ɗauka ka sa wani abu mai faɗi a bayansa saboda ranar kuskure, tsohon kafet a rataye ya fi katako, katako mai tauri da roba mai tauri suna maido ƙwaya. Tabarau kuma dole.

Dalma ba abin wasa bace, mu da muka ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bama buƙatar lacca. Ƙwayar gasa dalma ce kusan zalla, kowace ɗaya wajen rabin giram, gwangwani ɗaya 500. In da ƙananan yara masu rarrafe a gidan ni dai ban ga dalilin harbin ƙwaya a korido ba sam. In babu, to a wanke hannu kafin a ci abinci, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ƙura ta tashi. Kuma kada ka ƙona ƙwayoyin gasa irin R10 ko Finale Match masu tsada a mita 5, masu arahar mai faffaɗan kai sun isa.

Ba wai ina raina harbin kusa bane fa. A Ingila, yankin Bamingham, tun ƙarshen ƙarni na 19 suke gasar harbi a yadi 6 ko 7, faranti ne na ƙarfe da ƙaramin rami a tsakiya, in ƙwaya ta shiga ƙararrawa ta kaɗa. Wasa ne mai zaman kansa. Kawai dai ba shi bane namu.

Na uku shi ne mai cin kuɗi, na'urar da ake ɗaurawa a ƙasan bututu ta riƙa bin motsin bindiga. Wadda aka fi sani SCATT ce ta Rasha, akwai Noptel ta Finlan da RIKA ta Ostiriya. Ta SCATT ta zamani ƙaramar kyamara ce, tana kallon baƙin ɗigon da ka buga a firinta, kai zaka gaya wa manhajar nisan ɗakinka ta fitar maka da girman da ya dace, tana jin ƙas ɗin kunama ta ɗauka harbi ne. Sai ta zana maka a laftof duk yawon da bakin bindiga ya yi kafin harbi da bayansa, layin yana canza launi a daƙiƙar ƙarshe. Ranar farko da na ga nawa sai da na yi dariya, kamar sawun kaza a tsakar gida. Amma a nan na gano abin da shekara guda ban gani ba, ina shiga tsakiya lafiya lau a daƙiƙa ta 5 ko 6, sai in tsaya jiran abin da ya fi haka, hannu ya fara gajiya, in danna a daƙiƙa ta 12 lokacin da komai ya watse. Takarda bazata taɓa gaya maka wannan ba, rami kawai take nunawa.

Kuɗinta kam sai a hankali, ka shirya wajen Yuro 1000, marar waya ta haura haka, ga shi sabuwar bindigar gasa ma ta wuce 2000. Tana son haske mai kyau marar rawa, in fitilarka ta kasa sai ta riƙa ɓatar da ɗigo. Makin da take bayarwa a harbin wayam ma lissafi ne, kada ka rantse a kansa. Babban haɗarinta kuma ka koma ɗan kallon allo, kana dannawa ka ɗago kai ka leƙa, shi kenan ka lalata riƙon bayan harbi. Ni yanzu juya laftof nake ya kalli bango sai na gama 10. Mai neman ta hannu, musamman tsofaffin masu firam da wayoyi, ya tabbatar manhajar tana tashi a kwamfutarsa kafin ya biya. Kuma gaskiya in bakada wanda zai karanta maka zanen nan, koci ko wani gogagge, rabin kuɗinka ka zubar. Kafin ka saya ma ka tambaya a kulob, da yawa suna da guda a kabad tana shan ƙura.

Akwai MantisX ta Amurka, ƙarama, da wayar salula take aiki, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Ita motsi take ji bata ganin takarda, zata ce maka ka fizgi kunama amma bata san ina ka auna ba, kuma an fi yinta don masu ƙaramar bindiga. Na ara na gwada sati guda na mayar. Allon lantarki mai ƙirga maki kuwa, irin na SIUS da ake gani a manyan gasa, wannan sai mai mita 10 da kuɗin banza. Abhinav Bindra na Indiya da ya ci zinare a Beijin a 2008 a gidansu aka gina masa fili, in babanka irin nasa ne bismillah.

Zancen doka kada ka tsallake shi. A nan Jamus bindigar iskar da ƙarfin harbinta bai wuce jul 7.5 ba, mai tambarin F cikin zane mai kusurwa 5, ɗan shekara 18 na iya saya, kuma ana iya harbi a cikin killataccen gida matuƙar ƙwaya bazata iya fita ba, ɗan haya dai gara ya ji ta bakin mai gida. A Najeriya lissafin daban ne, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, don haka wanda ke gida kada ya ga ana sayarwa a intanet ya yi oda kawai. Ko ina kake kuma a ja labule, maƙwabci baya tsayawa tambayar ta iska ce ko ta wuta.

In yau zan sake farawa da Yuro 100, fitila zan saya da dogon madubi da safar hannu ta gasa, in buga ɗigo in manna a tsayin da ya dace, in riƙa sa jaket da takalmin da nake gasa dasu ko da zafin Yuli ne. SCATT sai bayan wata 6, in na ga ban daina ba. Akwatin ƙarfen nan kuwa yana nan saman wadrob, na zuba tsofaffin caja a ciki.