Tiyatar rage ƙiba ga mai ƙwannafi: abin da na gani da aka yi mini

Ni ɗan kasuwar riɗi da zoɓorodo ne, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Tun da aka ga na zabge, mutane ke ja na gefe suna tambayar inda aka yi mini aiki da nawa na biya. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wane irin aiki ne, alhali ga mai ƙwannafi nan maganar take.

Kafin aikin na haura kilo 130, ga ciwon suga, ga ƙwannafi na shekara da shekaru. Da tsakar dare ruwa mai tsami ya taso mini har hanci, in farka ina tari, da asuba murya a dishe. Na sha jar kanwa, na sha omeprazole kullum, har bulo aka sa a ƙarƙashin gadona ta wajen kai.

Wani dillali mai haɗa wa mutane tafiya asibitocin Masar ya kwaɗaita mini aikin yanke tumbi da ake kira silib, wai ya fi araha da saurin sallama. Nauyina kawai ya tambaya, sai fasfo. Har yanzu abin na ƙona mini rai, domin na san akwai masu larura irin tawa da suka bi ta hannunsa. Likitan da ke duba sugana a Kano ne ya taka mini birki. Ya ce, "Alhaji, kada ka biya ko kwabo sai an zura kyamara an ga cikin nan."

Gwajin endoskofi ba ya ɗaukar lokaci. Ka zo da yunwa, a fesa maka magani a maƙogwaro, a zura siririn bututu. Babu daɗi, amma a nan aka ga asid ya ƙuje bututun abincina, saman tumbi ya kutsa ta ɓular tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma fatar ƙasan bututun ta fara sauya kama. Wannan sauyin shi ake kira Barrett. Ba kansa ba ce, kuma yawancin masu shi ba sa kaiwa can, sai dai yana ƙara haɗarinta, don haka ake sa masa ido.

A silib ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar. Abin da ya rage siriri ne, matsi a cikinsa ya ƙaru, asid ya riƙa turawa sama. Mai ƙwannafi nasa na iya ƙaruwa, wanda ma bai taɓa yi ba yana iya farawa, kuma abin da aka yanke ya tafi ke nan. A ɗaya aikin kuwa, wanda ake kira baifas, ana ware 'yar jaka a saman tumbi, ba ta wuce ƙwan kaza ba, a haɗe ta da ƙaramin hanji. Sauran tumbin da ke zubo mafi yawan asid yana nan, amma ba shi da hanyar zuwa maƙoshi. Shi ya sa likitoci suka fi karkata ga baifas ga mai ƙwannafi mai tsanani ko Barrett. Ma'aunin BMI nawa, mai kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, ya wuce 35 nesa, wato adadin da ƙa'idar 2022 ta manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ta amince a yi wa mutum aiki ko ba shi da wata cuta.

Baifas ɗin aka yi mini a Alƙahira, ta ƙananan ɓuloli a ciki, aka gyara ɓular tantanin a shiga ɗaya. Alhamdu lillahi, ƙwannafin ya lafa tun makonnin farko. Ina kwana a miƙe, muryata ta washe, an rage mini maganin suga sosai. Ta wannan fuska ba na da-na-sanin kuɗin riɗin da ya tafi.

To, amma zama da baifas a ƙauye aiki ne. Farko ruwa-ruwa kawai ake sha, romo da koko mai tsinkewa, sannan abinci mai laushi. Yanzu loma kaɗan ta ishe ni, kuma ba na haɗa ci da shan ruwa. A wajen biki a ajiye maka malmala biyu, ka ɗan taɓa ka janye hannu, mai gida ya ce, "Haba Alhaji, ko mun yi laifi ne?" Fura mai sukari kuwa, ina sha sai gumi ya karyo, zuciya na bugawa, ciki ya murɗa, domin zaƙin ya faɗa hanji kai tsaye. Azumin farko bayan aikin, likita ya hana ni, na rama daga baya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kemis. A nan in jiki ya yi tsami, haɗi ake ƙulla wa mutum a leda, ba kwali ba suna, kuma sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Ga wanda aka yi wa baifas waɗannan na iya buɗe gyambo a daidai mahaɗar jakar da hanji, har ya zubar da jini. Sigari ma haka. Na gaya wa uwargida da yara, ko zazzaɓi ya kwantar da ni, kada a ba ni ƙwayar da ba a ga sunanta ba.

Sai maganin ƙarin jini, kalsiyam da bitamin B12, waɗanda sha ne na har abada tunda hanji ba ya tsotse su kamar da. Masu kyau ba a samunsu a kusa, sai na yi saƙo Kano. Gwajin jini ma can nake zuwa, kuma Barrett ɗin bai sa an sallame ni ba: likita ya yanka mini lokacin da zan riƙa komawa a sake zura kyamara. Duk mai lissafin kuɗin jirgi da na asibiti ya sa wannan zirga-zirgar a ciki, don ni ba wanda ya gaya mini ita sai likitan Kano.