Aidin ɗin Betadine: inda yake aiki da inda yake ɓata miki

Betadine na ruwa, mai 10% a jikin kwalba, shi ne aidin ɗin da ya fi dacewa a ajiye a gida. Bai kai tsohon aidin mai sufirit zafi ba, kuma idan ya ɓata riga ruwa da sabulu na fitar da shi, saɓanin GV, shuɗin maganin nan da ke rufe miki har ma'aikacin jinya ya kasa ganin abin da ke ciki.

A sabon yanka ko ƙujewa ba ya ba da kunya. Amma a fara da wanki. A zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na tafasasshen ruwa, a bar shi ya huce, a kwarara har yashi da jini su fita, domin jini da mugunya suna rage wa aidin ƙarfi. Sai a shafa aidin da gozi, wato ƙyallen ɗaure miki, daga tsakiya zuwa gefe, a ba shi minti 2 ya bushe, a rufe. Auduga kam a'a, tana barin zare a ciki. Launin aidin ne ma'auni: da zarar jan nan ya koɗe ya koma fari-fari, ƙarfin ya tafi.

A gyambo ne ake yin ɓarna. Idan yana wari yana zubar da mugunya, a surka kashi 1 na maganin da kashi 9 na ruwan gishirin, a wanke na 'yan kwanaki. Ranar da jan nama mai ƙwaya-ƙwaya ya fara tasowa daga ƙasa, a janye aidin a koma ruwan gishiri zalla. Wannan naman ɗanye ne, shafa aidin mai kauri kullum na iya ƙona shi, sai ka ga miki tsaf-tsaf amma wata uku baki bai haɗe ba. Kada a haɗa aidin da haidurojin mai kumfa ko man ƙuna irin Dermazin, suna kashe wa juna aiki.

Jiki na tsotse aidin ta buɗaɗɗen miki, don haka mai maƙoƙo, mai juna biyu, mai shayarwa, jariri da mai babbar ƙuna su nemi izinin likita tukuna. Gyambon ƙafar mai ciwon suga da na idon sawun mai sikila sun fi ƙarfin kwalba, asibiti ne. Wanda ya taka ƙusa kuma, allurar tetanus ce gaba da komai.

A kemis a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye nesa da rana.