Gargaɗi kan masu tallan gonakin koko a ƙasar Kodebuwa

Wannan gargaɗi ne ga mutanen Tawa da kewaye, musamman iyayenmu da suka shafe shekaru suna zuwa ci-rani Abijan, suka ga gonakin kurmi da idonsu, suka kuma san arzikin da ke cikinsu. Wasu mutane na zagaya rukunonin WhatsApp suna tallan gonakin koko da na roba a yankunan Subure da Dalowa, suna cewa mutum ya biya daga nan gida, su za su kula da gonar, a riƙa aiko masa da riba yana zaune. Kawuna yana cikin waɗanda suka faɗa hannunsu.

Wanda ya zo wurinsa Bahaushe ne mai ladabi, ya san sunayen unguwannin Abijan da kawu ya zauna, kuma da hira ya fara kafin ya kawo maganar ciniki. Ya nuna masa takarda mai hatimi biyu, sannan aka aiko da bidiyon wani mutum tsaye cikin itatuwan koko yana cewa: "Alhaji, ga gonarka nan, hekta biyar ce, daga wancan babban icen har zuwa rafi." Kawu ya sayar da albasar da ya ajiye a rudu yana jiran ta yi tsada, ya haɗa da bijimai biyu, ya aika da miliyan uku na sefa kashi uku. Wata biyu a jere suna turo masa jika ɗari da sunan riba, alhali daga cikin kuɗinsa ake gutsuro masa. Daga nan suka nemi ƙarin kuɗin awon gona, da ya ce a dakata, sai wayar ta daina shiga. Ɗansa da ke Abijan ya je ƙauyen, ya tarar gonar tana nan, mai ita ma yana nan, kuma bai taɓa sa ta a kasuwa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ko da mai gonar ne da kansa ya karɓi kuɗin, kawu ba zai zama mamallakinta ba. Dokar filayen karkara ta Kodebuwa, wadda aka zartar a watan Disamban 1998, ta keɓe mallakar ƙasar noma ga gwamnati da ƙananan hukumomi da 'yan ƙasa kawai, kuma tsarin mulkin 2016 ya sake jaddada hakan. Iyakar abin da baƙo zai samu shi ne haya, ko da ta shekaru masu yawa ce. Takardar da aka rubuta a ƙauye da sa hannun shaidu biyu ba ta maye gurbin rajistar da AFOR, hukumar filayen karkara ta ƙasar, ke tafiyarwa. A Gana ma tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa har abada, hayarsa kuma ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar wa ɗan Nijar gona a can ta zama gadon 'ya'yansa, ya yi ƙarya tun daga kalmar farko.

Masu cewa za su dasa sabuwar gona riba ta fara zuwa cikin wata shida, ƙaryarsu ta fi sauƙin kamawa, domin koko yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ya yi 'ya'ya, icen roba kuma sai ya kai shekara shida ko bakwai kafin a fara tatsarsa. Irin wannan alkawari ne ya cinye dukiyar dubban mutane a Kodebuwa ɗin kanta, har gwamnati ta rufe asusun kamfanonin da ke yin sa a farkon 2017.

Mun kai ƙara komisariya a nan Tawa, kuma abin da aka fara tambayarmu shi ne rasiɗan aika kuɗi da lambobin wayar da aka yi amfani da su. Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya goge saƙonnin da suka aiko masa. Ya tattara rasiɗansa da bidiyon ya kai, domin mun samu labarin an tura wa wani dattijo a Madawa bidiyon gonar nan, an sauya suna kawai.