Tafiyarmu Roma don jubilin Fada, da yadda kamfanin tafiye-tafiye ya yi da mu

Tun da muka dawo, mata daga coci-coci a nan Kaduna ke ta bugo mini waya suna tambaya ko su ba kamfanin da ya kai mu Roma kuɗinsu. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a cocinmu, kuma ta hannuna kuɗin yawancin matan ya bi, don haka abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Fadanmu ya cika shekara 25 da keɓewa a matsayin firist a 2025, wadda ta zo daidai da Shekarar Jubili, wato shekara mai tsarki da Katolika daga ko'ina a duniya ke zuwa ziyarar ibada Roma. Da kwamiti ya tambaye shi abin da yake so, sai ya ce a bar maganar mota, a kai shi ya yi Misar godiya a Roma tare da mutanensa. Mu 32 muka tashi daga Abuja a watan Oktoba, muka sauya jirgi a Addis Ababa. Fiye da rabinmu sun haura shekara 60.

Wajen takardu, gaskiya kamfanin ya san aikinsa. Sun zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya, sun duba fasfo ko yana da sauran wata 3 bayan ranar dawowa, sun yanko mana inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ake buƙata, sun kuma faɗa mana tun farko cewa Yuro 90 na biza ba ya dawowa ko an hana ka. Su suka yi mana rajistar shiga Ƙofofi Masu Tsarki, wato ƙofofin manyan majami'un Roma da ake buɗewa a Shekarar Jubili kawai, ta intanet, abin da da an bar mu da shi da har yanzu muna nan muna fama da waya. Har gargaɗi suka yi cewa ba a shiga Turai da nama, don haka kilishin da Baba Katikis ya yi niyyar ɗauka a gida aka cinye shi. Yaji da garin kunu dai sun tafi, kuma su suka cece mu, domin karin kumallo a can biredi ne mai zaƙi da kofi ɗan mitsitsi kamar maganin tari. Mutum biyu ba su sami biza ba. An mayar musu da wani kaso na kuɗinsu, amma sai da na yi sawu huɗu zuwa ofishin.

Masaukin yana da tsabta, sai dai ya yi nisa da Batikan, kullum sai mun ɓata kusan awa ɗaya a cikin bas. Ranar da za mu bar wurin kuma aka ce kowa ya biya harajin birni, Yuro 6 a kan kowane dare. Harajin na gaske ne, kowane baƙo yana biya, amma a takardar da muka sa hannu an rubuta cewa kuɗinmu ya haɗa komai. Matan da suka riga suka ƙarar da Yuronsu wajen sayen rosari na tsaraba sai da aka yi musu karo-karo.

Tsarin yawon ma an yi shi ne kamar don 'yan makaranta. A rana ɗaya aka jera mana majami'ar Yohanna ta Lateran, da Matakala Mai Tsarki, da babbar majami'ar Maryamu inda aka binne Paparoma Francis. Matakalar nan, wadda al'ada ta ce Yesu ya hau a gidan Bilatus, hawa 28 ce, kuma da gwiwa ake hawa. An ba mu minti 40. Wata Mama mai ciwon gwiwa ta ce ba ta baro Kaduna don ta tsaya a ƙasa tana kallo ba. Ta ɗaure zaninta, ta fara hawa, a kowace matakala ta tsaya ta yi A Gaishe Ki Maryamu ɗaya. Wakilin kamfanin na duba agogo yana cewa, "Mama, bas zai tafi." Ba ta ko waiwayo ba. Da ta kai sama, awa ɗaya da kwata ta wuce, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, Fada ne ya miƙa mata hannu ta miƙe. A kabarin Francis kuwa, farin dutse ne da sunansa kawai a kai, layi na tafiya ba a tsayawa, ka gani ka wuce.

Abin da ya ɓata mini rai ƙwarai shi ne Misar. Don ita muka zo. An rubuta mana cewa ranar Talata da safe Fada zai yi ta a majami'ar Bitrus da ke Batikan. Mun tashi ƙarfe 5, mun sa ankon da aka buga da hotonsa, mun bi layin bincike. Sai a ciki muka gane ba a kama mana bagade ba. A can ƙungiya ba ta zuwa kawai ta ce za ta yi Misa, sai an nemi wuri tun da wuri a ƙananan ɗakunan sujada da ke ƙarƙashin majami'ar, balle a shekarar da duniya duka ta taru. Fada na tsaye riƙe da jakar kayan Misa da wasiƙar Bishop da ke shaida cewa shi firist ne. Bai ce uffan ba. Ni na yi magana, kuma ban yi ta a hankali ba.

Wadda ta fitar da mu kunya ita ce jagorarmu ta can, wata 'yar Italiya da kamfanin ya ɗauka haya. Ta yini tana buga waya. Ranar Laraba muka je dandalin Bitrus ganin Paparoma Leo na 14, wanda tikitinsa kyauta ne, don kada wani ya karɓi kuɗinku a kai. Da yamma ta zo ta ce ta samo mana wuri ranar Alhamis a makabartar Kiristocin farko ta Kalistus, a kan tsohuwar hanyar Appia, inda aka binne paparomomi na ƙarni na 3.

Muka sauka ƙarƙashin ƙasa a jere, hanya ƙunci, sanyi na ratsa anko. Ɗakin ɗan ƙarami ne, bangonsa duk ramukan kaburbura, wasunmu a tsaye a bakin ƙofa. Ba ganga, ba tulu, ba kacau-kacau, da baki kawai muka rera waƙoƙinmu na Hausa, muryar na dawo mana daga bango. Da Fada ya zo ambaton iyayensa da suka rasu kafin su ga wannan rana, muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru har sai da Baba Katikis ya ɗauko waƙa. Bayan Misa muka ba shi takardar albarkar Paparoma mai ɗauke da sunansa, wadda aka karɓo daga ofishin sadaka na Batikan. Wannan ma jagorar ce ta nuna mana hanya.

Assisi ta zo da sauƙi, tafiyar awa biyu da rabi a bas. Mun yi addu'a a kabarin Waliyyi Francis, mun kuma ga gawar Carlo Acutis, yaron da aka ayyana waliyyi ranar 7 ga Satumba 2025, kwance da takalmin wasanni. Garin hawa da gangara ne, ku tafi da takalmi mara tsini.

Masu tambayata ko su ba kamfanin aiki, ina ce musu su ba shi biza da tikiti. Amma kafin ku biya kaso na ƙarshe, a nuna muku takardar da ke tabbatar da coci da rana da awar Misa, a rubuta wanda zai biya harajin masauki, a kuma rage wuraren zuwa in da tsofaffi a cikinku. Mun rubuta wa kamfanin wasiƙa a kan Yuron da muka biya a masauki. Sun ce suna dubawa.