Fostocin zambo kan rashin matsuguni: sharhi a kan aikin wani shagon zane a Katsina

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya da baranda, a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin jerin masu buga katin biki da kalanda. Ainihin sana'arsa rubuta allon shaguna ne, amma yana da aikin da ya raba shi da maƙwabtansa. Yana zana hoton zambo a kan matsalar wurin kwana, ya buga a takarda ko fileks, wato shimfiɗar roba da ake buga manyan allunan talla a kai, ko ya zana a bango idan mai bangon ya amince. Masu saye yawanci ƙungiyoyin matasan unguwa ne da ɗalibai da masu tallafa wa 'yan gudun hijira. Zane shida aka duba a wannan sharhi, da yadda kowanne ya fito daga inji.

Hannun mai zanen yana da kyau, kuma huɗu daga cikin shidan sun san inda suke harbi. Na farko dillali ne sanye da babbar riga mai aljihu uku, an rubuta wa ɗaya kuɗin gani, ɗaya la'ada, ɗaya kuɗin yarjejeniya. Yana riƙe da sandar kamun kifi, mabuɗin ɗaki ne a bakin ƙugiyar, magidanci da tabarma a hammata yana ɗage da hannu. Duk wanda ya taɓa neman ciki da falo a Katsina zai gane wannan tun kafin ya karanta rubutun. Na biyu katafila ce tana sukuwa kamar dokin hawan sallah, a can baya kuma kunkuru ya ɗauko jakar da aka rubuta wa diyya. Na uku tsani ne da aka jingina da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi, amma matakansa huɗu na ƙasa babu su.

Wanda ya fi su duka shi ne na huɗu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kango ne da aka kai linta aka bari, an sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo wanda ya fi ƙofar girma. A ciki awaki uku suna kwance a inuwa suna tuƙa. A waje, jikin katangar, mace ce zaune a kan kwali, goyo a baya, ɗaurin kaya a gefe, yarinya ta ɗora kai a cinyarta. Mai zanen bai yi wa matar fuskar tausayi ba. Mayafinta a gyare yake, takalmanta a jere kusa da ita kamar yadda ake ajiye su a bakin ɗaki. Wannan ɗan jeren takalmi shi ne zanen gaba ɗaya, domin yana nuna mace ce da ta saba da ɗakin kanta. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, iyalai irin wannan sun shigo birni, wasu sun raɓu da 'yan uwa, wasu sun faɗa kangwaye. Rubutun da ke ƙasa gajere ne: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ba shi da ɗakin fa?"

Na biyar kuskure ne, kuma ya kamata shagon ya janye shi. Almajiri ne yana barci a rumfar shago, an zana shi da ƙaton kai da majina da ƙudaje suna zagaye shi. Zambo a al'adarmu, daga na 'yan kama har zuwa wasannin tashe da azumi, yana yin armashi ne idan ya sari mai ƙarfi ko mai mugun hali. Yaron da ke kwana a rumfa ba shi ya kai kansa can ba. Mai kallo zai yi dariya ya wuce, kuma yaron yake yi wa dariyar. Da an bar fuskarsa yadda Allah ya yi ta, aka ƙara girman gidan saman da ke bayansa da tagoginsa a rufe, da saƙon ya koma inda ya dace.

Na shida kuma zanen ba laifi, rubutun ne ya ɓata shi. An sa: "Tsarin mulki ya ba ka gida, ka kai ƙara." Wannan zai iya tura talaka ya kashe kuɗin da ba shi da su. Gaskiya ne sashe na 16(2)(d) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai dacewa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta shi. Akwai abubuwan da suka fi wannan amfani a fosta. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina a Najeriya, na 44 kuma ya hana a karɓe dukiya da tilas ba tare da biyan diyya cikin hanzari ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a a sashe na 28, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Ga ɗan haya, ƙa'idar da kotuna suka saba bi idan babu wata yarjejeniya a rubuce ita ce notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire kwanon ɗaki ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba ya saɓa wa doka. Layi biyu daga cikin waɗannan a ƙasan zanen sun fi wancan kirari nesa ba kusa ba.

Sai batun bugu, inda yawancin matsalar shagon take. Babbar cutar ita ce haruffa masu lanƙwasa. Ana tsara aikin a manhajar zane ta CorelDRAW a kwamfutar shagon, sannan a kai fayil ɗin wurin masu babban inji. Idan kwamfutar can ba ta da irin salon rubutun da aka yi amfani da shi, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna ko su ɓace. A fileks ɗin kangon nan, ɗaki ya fito daki, ƙofa ta fito kofa, a wani layin ma gurbin harafin ne kawai. Maganin bai kai minti ɗaya ba: a zaɓi rubutun duka, a danna Ctrl da Q don ya koma zane, sannan a fitar da shi a PDF. Mai ba da aiki ya nemi a yi haka a gabansa, ya karanta kowace kalma a allon kwamfuta kafin ya biya.

Na biyu shi ne tura hoto ta WhatsApp. Idan aka tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, layukan alƙalami su fito da tsatsa-tsatsa kamar haƙoran zarto. A tura shi a matsayin fayil. Takardar A3 faɗinta milimita 297 ne, tsawonta 420, kuma tana buƙatar kusan fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, 3508 a faɗi da 4961 a tsawo kafin zane ya fito tas. Fileks ba ya buƙatar haka, tunda daga nesa ake kallonsa. Ɗigo 100 zuwa 150 a kowane inci ya wadatar. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada a kai rubutu bakin takarda. A fosta biyu da aka duba, wuƙa ta ɗauke rabin sa hannun mai zanen.

Launi ma yana yaudara. Shuɗi mai haske da kore sharr da ake gani a waya suna dusashewa idan aka koma tsarin CMYK, wato tawada kala huɗu da injin bugu ke haɗawa, don haka a nemi a buga gwaji ɗaya a ƙaramar takarda. Ƙananan rubutu a sa su da baƙin tawada zalla. Idan aka haɗa baƙin daga launuka huɗu, da inji ya ɗan goce sai harafi ya yi inuwa ja ko shuɗiya a gefe.

Takardar da shagon ke ba wanda bai tambaya ba mai sheƙi ce, siririya, giram 135 a ma'aunin kaurin takarda. Ta isa a raba a taro ko a manna a cikin aji. Wanda za a rataye a ofis ya nemi kati giram 250 ko 300 da laminashin marar sheƙi, domin mai sheƙi yana mayar da hasken fitila ya rufe fuskokin zanen. Don mannawa a waje kuwa, siririyar ce ta fi, tana shan kokon sitaci ta kwanta, mai kauri tana naɗewa daga kusurwa da rana ta buge ta.

Fileks ana lissafa kuɗinsa ne da ƙafa murabba'i, don haka ƙafa 3 da 6 ƙafa 18 ke nan, a ninka da farashin ranar. Shagon yana huda zobe huɗu kawai, ɗaya a kowace kusurwa, kuma ba ya naɗe baki. Iskar farkon damina a watan Yuni ba ta barin irin wannan, daga zoben take fara yagewa. A nemi a naɗe gefen a like, a sa zobe kowane santimita 50 zuwa 60, a ɗaure da igiya ta kowane ɗaya. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana cin ja da rawaya kafin sauran launuka. Zanen da ya dogara da baƙin layi mai kauri zai ci gaba da karantuwa ko launin ya koɗe, kuma sa'a ce salon wannan mai zanen haka yake. Girman harafi kuma, a ƙiyasta santimita biyu da rabi ga kowace mita uku tsakanin mai karatu da allon. Rubutun fileks ɗin dillali ya yi ƙanana, mai tafiya a Keke Napep zai ga hoton amma ba zai kama aljihu ukun ba.

A zanen bango ne shagon ya fi nuna ƙwarewa, don can ne asalin sana'arsa. Yana raba takardar gida-gida na santimita 2, ya ja na santimita 20 a bango da alli da zare, ya kwafe gida bayan gida, shi ya sa fuska ba ta karkacewa. Yana sa farin fentin ruwa, wato emolshin, shafe biyu a ƙasa kafin launi. Inda yake gaggawa shi ne sabon filasta. Siminti yana son kamar mako huɗu ya bushe, idan aka shafa fenti kafin nan sai ya yi fari-fari ya riƙa ɓarewa. Fentin mai a bango mai laima yana kumbura ya tashi kamar ɓawon albasa. Katangar da gishiri ke fitowa a gindinta, a fara zanen daga kamar rabin mita sama da ƙasa, kuma a kauce wa ƙarƙashin indararo. Bangon ƙasa da ba a yi wa yaɓen siminti ba bai dace da wannan aiki ba sam, damina ɗaya za ta wanke shi. Da hunturu a yi aikin da hantsi bayan an share ƙura, in ba haka ba ta manne a ɗanyen fenti.

Akwai abin da shagon yake yi daidai wanda ya kamata a yaba. Ba ya zana fuskar wani sananne, ba ya rubuta sunan mai gida ko na dillali ko da mai ba da aikin ya nace. Wannan kariya ce ga kowa, domin ɓata suna laifi ne a dokokin Arewa, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan abin da mutane suka wallafa. Yana kuma tambayar izinin mai bango, ya ba da shawarar a sanar da mai unguwa. Ba ya karɓar aikin zanen mutane a bangon da ke jikin masallaci ko makarantar allo, tunda jama'a da yawa ba sa son hoton mai rai a irin wuraren, kuma za a wayi gari an shafe shi. Abin da ya rage masa shi ne ajami. Da yawa daga cikin waɗanda zanen ke magana a kansu, musamman dattawa da matan da suka taso daga ƙauye, ajami suka fi karantawa, kuma layi ɗaya da hannu a ƙarƙashin boko ba zai ƙara kuɗi mai yawa ba.

Alƙawarin lokaci kuma a yi masa rara. Fosta a takarda tana fitowa cikin kwana biyu idan akwai wuta, fileks ya danganta da layin da ke wurin babban inji, kuma da kakar siyasa ko bayan sallah lokacin bukukuwa aikin 'yan takara da na amare ne ke gaba. Wanda yake da taro ranar Asabar ya kai aikinsa tun Litinin, ya biya rabi, ya riƙe sauran har sai ya shimfiɗa fileks ɗin a ƙasa ya ƙirga zobban, ya kuma duba ƙ da ɗ da idonsa.