Shekara biyu a rukunin gidajenmu na Idu: gini ya yi, bututun ƙazanta ya wahalar da mu

Na sayi gida mai ɗaki uku a wani rukunin gidaje kusa da Idu, a Abuja, ina biya kashi-kashi. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Abin da ya ja ni wurin tashar jirgin ƙasa ce: maiɗakina da yara suna Kaduna, duk Juma'a in na tashi aiki jirgi nake hawa.

Ginin ba laifi. Bulo mai inci tara, rufi bai taɓa yoyo ba, ƙofofi masu ƙwari.

Wajen takardu ma sun burge ni. Asalin filin an ware shi ne don sito-sito da ƙananan masana'antu, ba don zama ba. A Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, kuma ba a mai da irin wannan fili unguwa sai hukumar birnin ta amince a sauya manufarsa. Wanda ya yi gini ba wannan amincewar, kullum cikin fargabar jan fenti a bango da katafila yake kwana. Tun kafin in ajiye ko sisi suka miƙo mini kwafin takardar, na kai ofishin AGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, aka bincika, aka tabbatar. Nan sun cika alkawari.

Inda muka sha wuya shi ne ruwan banɗaki. Ma'aikacinsu ya ce mini, "Alhaji, nan ba ruwanka da sokawe, babban bututun gwamnati za mu haɗa ku da shi." Na yarda, don matatar ruwan ƙazanta ta Wupa da aka buɗe a 2007 tana kusa da mu, can ne ƙazantar Garki da Wuse da Maitama ke gangarawa ta ƙarƙashin ƙasa. Abin da bai faɗa mini ba, filinmu yana cikin kwari, yana ƙasa da babban bututun. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Dole sai an shimfiɗa sabon layi an sa famfon turawa.

Da muka tare ba layi ba famfo. Ƙaton rami guda suka haƙa wa gidajen duka, wai na wucin gadi. Da damina ta kankama a watan Agusta ramin ya cika ya tumbatsa, ya bi lambatu har ƙofar masallacinmu. Sallar Asuba sai da muka riƙa toshe hanci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rijiyar burtsatsenmu ba ta da nisa da ramin. Sai da na hana a sha ruwanta in yara sun zo hutu, muka koma sayen na jarka. Tankar kwashe ƙazanta kuma daga aljihunmu ake kiranta, alhali babu wannan a yarjejeniya.

Wata 14 muna zarya ofishinsu, mu da shugaban ƙungiyar mazauna, kafin a shimfiɗa layin. Gaskiya da suka tashi yi sun yi aiki mai kyau: bututu mai kauri, murafai na kankare, titin da suka fasa suka mayar. Wari ya ɗauke, yanzu kuɗin hukumar kula da muhalli kawai muke biya.

Saura famfon. Wuta yake ci, in an ɗauke ta sai janareta, dizal ɗin kuma a kanmu. Shi ya sa tauraro uku na ba su cikin biyar. A taron mazauna na watan gobe za mu kawo maganar sa masa sola, kuma na tsaya a kan kamfanin ya ɗauki rabin kuɗin.