Madubin Likita Mai Sauƙin Kuɗi a Ɗakin Gwajin Makaranta

Na sayi wannan madubin likita ne domin ɗalibaina su ga bakteriya da idanunsu, maimakon zanen da ke cikin littafi. Da muka rina ɗigon kindirmo ta hanyar da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, ƙwayoyin sun fito da launin shunayya, wasu kamar 'yan sanduna, wasu a jere kamar carbi, amma sai da muka ɗiga mai a kan gilashin muka ƙara girman hoton sau 1000 kafin su bayyana sosai. Fitilarsa tana aiki da batir, abin da ya cece mu ranar da aka ɗauke wuta.

Aibinsa shi ne abin murɗawa na daidaita hoto ya yi sako-sako, har hoton kan gushe da zarar ɗalibi ya jingina da tebur.